Farautar barewa a Amurka: a hau bishiya ko a zauna a tanti?

Daga watan Oktoba zuwa Disamba, miliyoyin Amurkawa kan yanki lasisi su shiga daji neman barewa mai farar wutsiya. Galibi farautar tasu ba ta gayya ba ce mai kiɗa da karnuka. Yawanci kwanto ake yi: maharbi ya gano hanyar da dabbar ke bi tsakanin makwancinta da wurin kiwonta, ya je tun duku-duku ya zauna shiru. Abin da suke ta gardama a kai shi ne wurin zaman. Wasu sun ce sai saman bishiya, wasu kuma sun ce ƙaramin tanti a ƙasa ya wadatar.

Mazaunin bishiya kujerar ƙarfe ce da ɗan dandamalin ajiye ƙafa, ana ɗaure ta a jikin itace, galibi mita 5 zuwa 6 daga ƙasa. Akwai mai haɗe da tsani, akwai wadda ake ratayawa, akwai kuma wadda mutum ke jan jiki da ita sama, ita kam sai a miƙaƙƙen itace marar rassa. Daga can maharbi na hango nesa, ya ga dabba tun tana cikin duhuwa, ya samu sararin shiryawa. Harsashin da ya kuskure kuma ƙasa yake nufa, ba ya wucewa gonar wani.

Babbar riba ita ce ta iska. Da hanci barewa ke tsare ranta, kuma da zarar ta shaƙi warin mutum ta yi gaba, ko ƙurarta ba za a gani ba. Wanda ke sama, iska kan ɗauke warinsa ta wuce da shi ta kan dabbar. Amma ba kullum ba. Da yamma, idan gari ya fara sanyi, iska kan gangaro ƙasa ta sauko da warin, musamman a kwari. Barewar da ta sha tsallake rijiya da baya ma takan koyi ɗaga kai ta duba rassa.

Sai dai hawa yana da farashi. A jihohi da dama faɗowa daga bishiya ya fi harbin kuskure jikkata maharba, kuma yawancin faɗuwar wajen hawa ne ko sauka, ko lokacin da ake taka dandamalin. Ga duhun asuba, ga ƙanƙara a matakala, ga yatsun da sanyi ya sandarar, ga kuma gyangyaɗi bayan awa uku a zaune. Wasu sun karye, wasu sun samu ciwon laka, wasu sun rasa rai. Shi ya sa ake nanata sa ɗamarar tsaro mai kama kafaɗu da cinyoyi, a ɗaure ta da igiya tun daga ƙasa har a dawo ƙasa. Bindiga kuwa, a cire harsashi a jawo ta da igiya bayan an zauna.

Tantin ƙasa yadi ne mai launin ganye da ƙasa, da sandunan da ke buɗewa kamar lema. Cikin 'yan mintuna an kafa shi. Cikinsa baƙi ne, maharbi ma baƙaƙen kaya yake sawa, ya rufe tagogin baya don kada haske ya nuna inuwarsa. A ciki yana iya miƙe ƙafa, ya sha shayi, ya ɗaga baka ba tare da an ga motsinsa ba. Tantin kuma yana tare ruwa da iska. Dattijo, da mai ciwon gwiwa, da uban da ya zo da ɗansa koyon harbi, duk nan ne wurinsu. A filayen Wyoming, inda ake dakon dabba a bakin mashaya kuma bishiya ta yi ƙaranci, tanti ya fi dacewa.

Matsalar tanti ita ce barewa ta san gidanta. Ta ga sabon abu a gefen gona, sai ta tsaya daga nesa tana buga ƙafa, ko ta sauya hanya. Don haka ake kafa shi mako ɗaya ko biyu kafin ranar farauta, a lulluɓe shi da rassa da ciyawar wurin. Talo-talon daji kuwa bai damu ba, ko a tsakiyar fili aka kafa tantin da safen nan zai iya zuwa dab da shi. Na cikin tanti ba ya gani sai ta taga, kuma sauran maharba ba sa ganinsa, wanda haɗari ne a lokacin farautar bindiga. A Wisconsin, a wannan lokacin, doka ta wajabta sa ƙyalle ruwan lemo mai haske a kan tantin da aka kafa a dajin gwamnatin jiha, yadda za a hango shi ta kowane ɓangare.

A ganina, wanda ke farauta a kurmi mai dogayen itatuwa, yana da ƙarfin jiki kuma ba ya wasa da ɗamara, bishiya ta fi masa. Sabon shiga kuwa ya fara da tanti, ya koyi karanta iska tukuna kafin ya nemi tsani.