Masu masarar rani, maganin iri ba kwalliya ba ne

Duk wanda ya zaga fadamar Warwade ko ta wajen Kiyawa da Jahun a watan Disamba zai ga masarar rani ta fito giɓi-giɓi, nan tsiro can fili. Ka tambayi mai gona, zai ce sanyi ne. Gaskiya masara ba ta shiri da hunturu. Idan sanyin ƙasa ya kusa digiri 10, ƙwaya kwanciya take yi, abin da zai fito a kwana biyar sai ya ɗauki makonni, kuma a wannan zaman ne ruɓa da gara suke cin rabonsu. To ai don haka aka yi maganin iri. Yadda muke sa shi ne abin takaici.

Fakitin Apron Star mai giram 10 na iri kilo 4 ne, ko kwano biyu bai cika ba. Amma sai mutum ya sayo guda ɗaya a kasuwar Shuwarin, ya zazzage a rabin buhu, ya cakuɗa da hannu, da ya ga masarar ta ɗan yi ja-ja ya ce ta ji magani. Haba Malam! Launi kawai ka shuka. Wani ma a kwanon tuwo yake haɗawa, yara na taya shi, ya goge hannu a riga ya ɓare goro. Guba ce fa, wadda take kashe ƙwaro ba za ta yi maka kara ba.

A ware roba ko tsohon buhu na wannan aiki kaɗai. A yayyafa wa irin ruwa kaɗan, a zuba magani daidai awo, a girgiza har kowace ƙwaya ta samu, a shanya a inuwa. A sa safar hannu, in babu, ko leda ce a ɗaura, sannan a wanke da sabulu.

Jiƙa iri ma yana taimakawa ya fito da wuri. Dare ɗaya ya isa, kada ya wuce awa 18, a tsane shi, a sa magani, a shuka a ranar cikin ƙasa mai danshi. Irin kamfani da ya zo da maganinsa kuwa ba a jiƙa shi, wanke kuɗinka za ka yi. Wanda yake neman iri mai kyau ya tambayi malaman gona na JARDA ko shagon JASCO kan nau'o'in SAMMAZ na cibiyar Samaru, ya daina shuka masarar awo.

Sai ragowar iri. Ba a watsa wa kaji, ba a kai wa inji, wanki ba ya fitar da maganin. A ɗaure shi, a rataye nesa da rumbu, kuma a gaya wa uwargida abin da ke ciki.