Fantasy: Yadda ake gane ɗan wasan da ya fi kuɗinsa da wanda suna kawai ake saye

Manoman albasa na Tabelot, garin da ke gindin duwatsun Bagzam a arewa maso gabashin Agadas, sun daɗe da fahimtar yadda farashi yake. Albasar Galmi, wadda ta fi suna a Nijar, da rani take cika kasuwa. Su kuwa mutanen Abzin sukan fito da tasu daga wajen Oktoba zuwa Disamba, lokacin da ta Galmi ta yi ƙaranci, manyan motoci su kwashe ta daga Agadas zuwa ƙasashen bakin teku. Watan da buhu ya shiga kasuwa shi ke yanke kuɗinsa. A shekarar da kowa ya ruɗu da ribar bara ya cika lambunsa da albasa kuwa, sai farashi ya faɗi, a bar mai lambu da bashin man injin ban-ruwa.

Irin wannan lissafin ne ke raba masu nasara da masu cizon yatsa a Fantasy Premier League, wasan waya da sama da mutum miliyan 10 ke bugawa a duniya duk kaka, ciki har da matasa da dama daga Kano zuwa Yamai da 'yan uwansu da ke ci-rani a waje.

Ga wanda bai san wasan ba, ana ba mutum fam miliyan 100 na wasa, ya sayi 'yan ƙwallo 15 daga gasar Firimiya ta Ingila: masu tsaron raga 2, 'yan baya 5, 'yan tsakiya 5 da 'yan gaba 3, kuma kada su wuce uku daga ƙungiya ɗaya. Abin da suka yi a fili shi ke zama maki. Ɗan baya ya ci ƙwallo maki 6 ne, ɗan tsakiya 5, ɗan gaba 4. Wanda ya bayar aka ci yana da 3. Idan ba a zura wa ƙungiya ƙwallo ba, mai tsaron raga da 'yan baya su samu 4. Wanda aka naɗa kyaftin kuma ana ninka makinsa.

Tunda kuɗin ba ya isa a kwashe duk taurari, dole a zaɓi inda za a zuba shi.

Farashi labarin bara ne

Masu shirya wasan suna sa farashi ne kafin a fara kaka, kuma abin da ɗan wasa ya yi a baya da girman ƙungiyarsa ne suka fi tasiri. Shi ya sa wanda matsayinsa ya canza daga baya yakan zama garaɓasa.

Cole Palmer ne misalin da kowa ke tunawa. A farkon kakar 2023/24 an sa masa fam miliyan 5, domin ɗan benci ne a Manchester City. Ranar 1 ga Satumba 2023 ya koma Chelsea, ya samu gurbi, aka kuma miƙa masa bugun fenareti. Ya kammala kakar da ƙwallo 22 da maki 244, fiye da kowa a wasan. Waɗanda suka lura da wuri sun ci moriyarsa tsawon watanni a kuɗin ɗan benci.

Kafin shi an ga Riyad Mahrez na Aljeriya a 2015/16, shekarar da Leicester City ta ɗauki kofi: fam miliyan 5.5, ƙwallo 17, maki 240. An kuma ga John Lundstram na Sheffield United a 2019/20, wanda aka rubuta a matsayin ɗan baya a kan fam miliyan 4, mafi arha a jerin, alhali a tsakiya yake wasa. Yana cin ƙwallo a ba shi makin ɗan baya, a kuma ƙara masa 4 duk ranar da ba a ci ƙungiyarsa ba.

Abin da ya haɗa su ukun a bayyane yake ga mai kallon wasa da idon basira. Suna buga minti 90 kusan kowane mako, suna wasa kusa da ragar abokan hamayya, kuma biyun farko suna cikin masu buga fenareti. Waɗannan tambayoyin ne ya kamata su zo kafin sunan ɗan wasa: yana farawa kuwa? A ina yake tsayawa a fili? Wa ke buga fenareti da kwana? Da su wa ƙungiyarsa za ta kara a makonni biyar masu zuwa?

Tsada ba laifi ba ce

Akwai masu ganin duk wanda ya haura fam miliyan 12 an yi masa ƙarin kuɗi. Kakar 2024/25 ta nuna cewa maganar ba ta da sauƙi haka. Mohamed Salah ya fara a fam miliyan 12.5, ya ci 29, ya bayar aka ci 18, ya tara maki 344, adadin da ba a taɓa kaiwa ba. Duk wanda ya guje shi don tsada ya sha wahala, musamman da yake shi mutane ke naɗawa kyaftin.

A kakar dai, Erling Haaland ya fara a fam miliyan 15, farashi mafi tsada da aka taɓa sa wa ɗan wasa. Ya ci ƙwallo 10 a wasa biyar na farko, har waɗanda ba su da shi suka wargaza ƙungiyoyinsu don su saye shi. Daga nan Manchester City ta shiga mawuyacin hali, shi ma ya ji rauni a idon sawu a ƙarshen Maris. Ya ƙare da ƙwallo 22, wanda ba abin rainawa ba ne, amma Chris Wood na Nottingham Forest, da aka sa wa fam miliyan 6, ya ci 20 ya kuma fi shi maki. Ratar fam miliyan 9 da ke tsakaninsu ta isa a sayi Bryan Mbeumo, wanda shi ma ya ci wa Brentford 20 a kan fam miliyan 7, har a yi saura.

Sai dai garaɓasar bana ita ce tarkon baɗi. Masu bin alƙaluman da ake kira xG, wato ma'aunin ingancin damarmakin da ɗan wasa ya samu, sun lura Wood ya ci fiye da yadda damarmakinsa suka nuna, abin da ba kasafai yake ɗorewa ba. Da aka shiga 2025/26 farashinsa ya hau zuwa fam miliyan 7.5. Ya ci biyu a wasan farko, sannan aka sallami kocinsa Nuno Espirito Santo a watan Satumba, rauni a gwiwa ya biyo baya.

Son ƙungiya da bin ayari

A gidajen kallon ƙwallo, abin da ya fi cin makin mutane shi ne soyayya. Magoyin bayan Manchester United ko Arsenal ko Chelsea zai cika gurbi uku da 'yan ƙungiyarsa, ya kuma ƙi sayen ɗan wasan abokan gaba ko da yana cin ƙwallo duk mako. Haka ma kishin ƙasa, ko da yake wani lokaci yana dacewa da lissafi: Ola Aina a kan fam miliyan 4.5 a 2024/25 ciniki ne mai kyau, domin mai tsaron ragar Forest, Matz Sels, ya yi wasa 13 ba a zura masa ƙwallo ba.

Na biyu shi ne bin ayari. Farashi yana hawa ko sauka da fam miliyan 0.1 gwargwadon yadda jama'a ke saye ko sayarwa. Ɗan wasa ya ci uku ranar Asabar, kafin Litinin dubban ɗaruruwa sun ruga, farashi ya tashi, amma makin wancan wasan ya riga ya wuce. Idan mutum ya wuce adadin canjin da aka ba shi kyauta, kowane ƙari maki 4 ne ake zaftare masa. Ranar sayarwa kuma rabin ribar kawai ake ba shi.

Canjin doka ma yana buɗe ƙofa. Daga 2025/26 ana ba ɗan baya maki 2 idan ya kai 10 wajen tare ƙwallo, ƙwace ta da fitar da ita daga haɗari, ɗan tsakiya kuma idan ya kai 12. Nan take irin su James Tarkowski na Everton da Moisés Caicedo na Chelsea, waɗanda ba a yi musu kallon masu kawo maki sosai, suka samu wata daraja. Gasar cin kofin nahiyar Afirka da aka yi a Maroko daga 21 ga Disamba 2025 zuwa 18 ga Janairu 2026 kuwa ta ɗauke Salah da Mbeumo da Alex Iwobi na makonni, wanda duk ya riƙe su ya ajiye miliyoyi a benci.

Shiga wasan kyauta ne, amma a rukunonin WhatsApp da yawa abokai kan tara kuɗi wanda ya zo na ɗaya ya kwashe. A nan ne wasu ke ja da baya, domin suna ganin an shiga gonar caca, kuma a Kano hukumar Hisbah ta rufe shagunan cacar wasanni a 2024. Wasu rukunonin sun tsaya ga kofi da tsokana kawai.

Ana rufe canji minti 90 kafin wasan farko na mako. Idan wasan na ƙarfe 12:30 ne agogon Ingila, ƙarfe 11 na safe ke nan a Nijar da Najeriya, amma daga ƙarshen Oktoba zuwa ƙarshen Maris, da Ingila ke mayar da agogonta baya, ya koma 12 na rana. Wanda ke kan hanya ko a ƙauyen da sabis ke ɗaukewa, gara ya shirya ƙungiyarsa tun daren Alhamis, domin wasu makonnin da wasan Juma'a ake buɗewa.