Gwajin Sankarar Bakin Mahaifa: Yaya Ake Gane Shirin Yana Amfani?

Mata da yawa da ke zuwa awon ciki sun sha jin ma'aikatan jinya suna yi musu bayani a kan gwajin sankarar bakin mahaifa. Wasu sun yi, wasu kuma suna jiran bayan sun sauka. Abin da ba a cika faɗa musu ba shi ne, shirin gwajin kansa ana sa masa ido, ana auna shi, domin a tabbatar yana ceton rayuka da gaske.

Dalilin yin gwajin

Wata ƙwayar cuta da ake kira HPV ce ke haddasa kusan duk sankarar bakin mahaifa, kuma ana ɗaukarta ta hanyar saduwa. A jikin yawancin mata takan mutu da kanta. A jikin wasu kuwa takan zauna, ta riƙa sauya fatar bakin mahaifa sannu a hankali, ba ciwo ba jini. Kafin wannan sauyi ya zama sankara yakan ɗauki shekara 15 zuwa 20, ko shekara 5 zuwa 10 ga mai raunin garkuwar jiki, kamar mai ɗauke da ƙwayar cutar kanjamau. Wannan tazara ita ce damar da gwaji yake amfani da ita. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2022 mata kusan 660,000 suka kamu da cutar a duniya, kusan 350,000 kuma suka rasu, akasarinsu a ƙasashe masu tasowa.

Darasi daga Ingila da Ailan

An fara gwajin a Ingila tun shekarun 1960, amma an yi shekara ashirin ba a ga raguwar kirki ba, alhali ana yin gwaji masu tarin yawa. Da aka duba, sai aka tarar mata ƙalilan ne suke maimaita gwajin, waɗanda suka fi shiga haɗari kuwa ba a kai gare su ba, wasu da aka ga matsala a jikinsu ma ba a bi sawunsu ba. A 1988 aka kafa rajista ta sunayen mata, ana aika musu takardar gayyata da ta tuni. Cikin 'yan shekaru waɗanda ake gwadawa suka tashi daga kusan kashi 40 cikin ɗari zuwa sama da kashi 80, masu kamuwa da cutar kuma suka ragu da kusan kashi ɗaya bisa uku.

A Ailan kuwa, a 2018 ya bayyana cewa an sake duba tsofaffin gwaje-gwajen matan da suka kamu da sankarar, aka gano cewa na mata fiye da 200 an karanta su ba daidai ba tun farko, kuma yawancinsu ba a sanar da su ba. Binciken ya yi aikinsa, ɓoye sakamakon ne ya jawo ɓacin rai da ƙararraki a kotu.

Abubuwan da ake aunawa

Na farko, mata nawa aka gwada cikin waɗanda shekarunsu suka kai. Na biyu, ingancin gwajin: ko ana shafa ruwan tsami na asibiti ne a duba da ido, ko ana ɗebo samfur a kai ɗakin gwaje-gwaje, dole a riƙa sake duba aikin ma'aikata. Idan wata cibiya ba ta taɓa ganin matsala a jikin kowa ba, ko tana gani a jikin kusan kowa, akwai alamar tambaya. Na uku, tsawon lokacin da sakamako yake ɗauka kafin ya isa ga mai shi.

Na huɗu shi ne mafi muhimmanci: cikin waɗanda aka ga matsala, nawa aka yi wa magani? Matar da aka gwada, aka ga sauyi, ba ta dawo ba, daidai take da wadda ba a gwada ba. Maganin kuwa sau da yawa na 'yan mintuna ne, a daskarar da wurin ko a ƙona shi da ɗan zafi, ta koma gida ranar.

Na biyar, a duba rajistar masu sankara, irin wadda aka kafa a Ibadan tun 1960, a ga ko masu kamuwa da masu mutuwa suna raguwa. Wannan yakan ɗauki shekaru kafin ya bayyana.

A 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa wa ƙasashe ma'auni zuwa 2030: a yi wa kashi 90 na 'yan mata rigakafin HPV kafin su cika shekara 15, a gwada kashi 70 na mata kafin su cika shekara 35, a sake kafin 45, sannan a yi wa kashi 90 na waɗanda aka ga matsala magani. Najeriya ta fara ba da rigakafin kyauta ga 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 a watan Oktoba na 2023.

Naki aikin, uwargida

Idan kina da ciki yanzu, ki tambayi ungozoma lokacin da ya dace ki yi gwajin bayan haihuwa, ta rubuta miki a kati. Ki ba da lambar waya mai aiki, ki ƙara ta maigida ko ta wata 'yar uwa. Kada ki ɗauka shiru alama ce ta lafiya. In lokaci ya wuce ba a kira ki ba, ki dawo ki tambaya. Ki adana takardar sakamako tare da katin awo, ki lura da ranar sake gwaji. Jini bayan saduwa, ko ruwa mai wari da ya ƙi tsayawa, ba a jiran ranar gwaji, a zo asibiti nan da nan.

Maigida kuma, izininka da kuɗin mota ranar komawa karɓar sakamako suna cikin maganin. Allah Ya sauke ku lafiya, Ya raya abin da za a haifa.