Ordinatarka ba ta mutu ba: gaskiya da ƙarya cikin maganganun da ke yawo a birorin Maraɗi

Tun kafin watan Oktoba na 2025 ya kama, magana ta gama zaga Maraɗi ta WhatsApp: wai duk kwamfutar da ke aiki da Windows 10 za ta mutu ran 14 ga wata, ta ƙi tashi, takardun cikinta su salwanta. Wani ƙanena da ke riƙe da rajistar wata ƙungiyar manoman rani a Jiratawa ya hawo babur da tsakar rana, ordinatarsa a goye cikin jaka. Ko ruwa bai sha ba ya ce, “Yaya, in sayar da ita tun tana da sauran daraja?” Na ce ya maida wuƙarsa kube. Ranar ta zo ta wuce, kuma da wannan na'urar yake lissafin kuɗin ruwa da na taki har yau.

Sai dai maganar ba ƙarya ba ce zalla, shi ya sa ta yi kafe-kafe. Ranar gaskiya ce. Windows 10 ya fito a watan Yulin 2015, kuma ran 14 ga Oktoban 2025 kamfanin Microsoft ya daina aiko masa da gyaran tsaro na wata-wata, abin da masu gyara ke kira mizajur. A wannan rana kuma aka janye hannu daga Office 2016 da Office 2019. Kwamfutar za ta tashi, Word zai buɗe, injin buga takarda zai buga. Abin da ya canza kamar katangar ƙasa ce da aka daina yi wa yaɓe: tana nan tsaye, amma duk tsagar da damina ta yi mata, haka za ta zauna a buɗe. Mai shakka ya leƙa shagunan buga takardu na cikin gari, zai tarar da Windows 7 na aiki, alhali tun 14 ga Janairun 2020 aka bar kula da shi. Haɗarin yana kan na'urar da ke hawa intanet kullum, wadda ake buɗe wasiƙu da harkar banki a kanta.

Mafita ta farko ita ce komawa Windows 11, kuma kyauta ne ga wanda Windows 10 ɗinsa na halal ne, in na'urar ta cika sharaɗi: ƙwaƙwalwar aiki giga 4, ma'ajiya giga 64, wani ɗan guntun tsaro mai suna TPM 2.0, da injin Intel na zubi na takwas zuwa sama. Nan gizo ke saƙa, domin da yawa daga kwamfutocin hannu da ke shigo mana daga Kano ta Ɗan Isa sun girmi haka. In za ka saya, kada “Core i5” da ke manne a jiki ya ruɗe ka. Dubi lambar da ke biye. i5-6300U zubi na shida ne, i5-8250U na takwas. Masu gyara sun iya cusa Windows 11 a tsohuwar na'ura, tana kuma tashi, amma Microsoft bai ɗauki alkawarin ci gaba da aiko mata gyara ba. Akwai kuma ƙarin wa'adi da kamfanin ya buɗe wa masu Windows 10 na gida har zuwa 13 ga Oktoban 2026.

Magana ta biyu ta fi ta farko daɗewa: “Kashe mizajur, shi ke lalata ordinata.” Sau da yawa mai gyara, da ya gama sa maka Windows, abu na farko da zai yi ke nan, kuma da kyakkyawar niyya. Gaskiyar da ke ciki ita ce mizajur na shan kuneksiyon, kuma wanda ya sayi giga ɗaya da guminsa ba zai so ya wayi gari babu ba. Maganin wannan yana cikin saitin rezo, inda za ka kunna “Connexion limitée”, sai Windows ya rage jan kaya ba da saninka ba, kai kuma ka zaɓi ranar da za ka sake masa mara. Masu kafa hujja da abin da ya faru ran 19 ga Yulin 2024, lokacin da kwamfutoci kusan miliyan 8 da rabi suka tsaya cak a filayen jiragen sama da bankuna, su sani gyaran da ya jawo haka na wani kamfanin tsaro ne mai suna CrowdStrike, ba na Windows ba. Labarin da ya kamata a riƙe shi ne na watan Mayun 2017, sa'ad da cutar WannaCry ta kulle takardu a ƙasashe sama da 150, har asibitocin Ingila suka riƙa maida marasa lafiya gida. Microsoft ya riga ya fitar da maganin tun watan Maris. Waɗanda ba su sa ba su suka sha wuya.

Yanzu ga wadda ta fi ci mini rai, don na ga hawaye a kanta. Ɗalibar Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta kai kile sibar don a buga mata kundinta, ta dawo gida ta tarar duk manyan fayilolinta sun koma wasu ƴan gumaka masu ƙaramar kibiya a gindi. A ce mata, “Birus ya cinye, sai dai a formate.” Ta yarda, aikin wata shida ya tafi. To, wannan birus da ake kira rakursi ba ya cin komai. Ɓoye takardun yake yi, ya ajiye hotonsu na bogi a gurbinsu, don ka latsa ya samu hanyar shiga kwamfutarka. Shaida kuwa, dubi nauyin kilen: za ka ga har yanzu a cike take. Kada ka latsa ko ɗaya daga gumakan. Ka fara sa maganin birus ya bincike ta, sannan ka buɗe baƙin allon nan da ake kira cmd, ka rubuta attrib -h -r -s /s /d E:\*.* ka danna Entrée, amma ka sa harafin da kwamfutarka ta ba kilen a madadin E. Takardun za su fito, wani lokaci cikin wata jaka marar suna. Kwashe su zuwa wani wuri tukuna, daga nan in ka ga dama ka formate kilen. Ko wanda ya riga ya formate bai kamata ya fid da rai ba: in bai zuba sabon abu a kai ba, manhajoji irin su Recuva da PhotoRec kan dawo da kaso mai yawa. Wannan kuma gargaɗi ne ga biron da ke sayar da tsoffin na'urorinsa, domin abin da ka share da sauri wani na iya tono shi.

Dangin wannan magana ta birus ita ce cewa sai ka tara maganin birus biyu ko uku kafin ka tsira. Ba haka ba ne. Junansu suke hana aiki, na'ura ta yi nauyi. Windows 10 da 11 na zuwa da nasu, Defender, kuma ya wadatar in ana barinsa ya sabunta. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne Office ɗin sata da ake sa wa mutane, wanda kafin a kunna shi sai an kashe Defender, sau da yawa kuma ba a sake tada shi. Wanda ba shi da kuɗin lasisi yana da LibreOffice, kyauta ne tun fitowarsa a 2011, yana buɗe takardun Word da na Excel, akwai shi da Faransanci. Wani lokaci tsarin shafi kan ɗan goce, in takarda ta cika ado. Wasiƙar biro da jadawalin lissafi kuwa lafiya lau.

Akwai wata magana da sai a gari irin namu, mai ƙafa ɗaya a tsarin Faransa ɗaya a kasuwar Najeriya, za ka ji ta: “Ordinatar Najeriya ba ta iya lissafi ba.” Wani sakatare a Tibiri ya taɓa rantse mini a kan haka, kuma abin da ya gani da idonsa gaskiya ne, fassararsa ce ta kauce. Na'urar ba ta da laifi. Saitin yanki ne aka bari a na Amurka. A tsarin da muka koya a lakwal, waƙafi ke raba cikakkiyar lamba da guntunta, a nasu kuwa ɗigo ne, waƙafi na raba dubbai. Ka rubuta 1,250 kana nufin eka ɗaya da kwata, Excel ya karanta dubu ɗaya da ɗari biyu da hamsin. Ka rubuta 03/04/2025 kana nufin 3 ga Afrilu, ya ajiye 4 ga Maris, bai kuma ce maka uffan ba. Cikin ƙa'idar lissafi ma, wancan na son waƙafi, namu na son waƙafi mai ruwa. Shiga saiti, wajen “Heure et langue”, ka maida tsarin yanki na Faransanci, rigima ta ƙare. A nan ne kuma ake juya allon rubutu daga QWERTY zuwa AZERTY ba tare da an sayi komai ba. Sunayen ƙa'idoji ba abin damuwa ba ne: SOMME da ka rubuta a Maraɗi, in an buɗe fayil ɗin a Katsina, da kanta za ta koma SUM. Abin da babu saitin da ke gyarawa shi ne Excel ba ya riƙe lambobi fiye da 15 a jere. Lambar asusun banki mai tsawo, ƙarshenta sifili zai koma. Maida gurbin “Texte” kafin ka rubuta.

Batun kuran ba sai na tsawaita ba. Mun ga abin da ya biyo bayan watan Agustan 2023, da Najeriya ta yanke wutar da ke zuwa mana daga Katsina ta Gazawa, ba ta dawo ba sai Maris na 2024. Masu cewa Word na ajiye aiki da kansa ko da wuta ta ɗauke, rabin gaskiya suka faɗa: kowane minti 10 yake ɗaukar kwafin ceto, kana iya rage shi zuwa 2 a “Options”, ƙarƙashin “Enregistrement”. Yatsa dai ya saba da Ctrl da S. Takarda mai muhimmanci kuma ta kwana wuri biyu, ko da aika wa kanka ne ta Gmail, mai ba da giga 15 kyauta.

Ta ƙarshe ta shafi harshenmu. Tun da kundin sake gina ƙasa na watan Maris 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, na sha jin ma'aikata na cewa kwamfuta ba ta da haruffa masu lanƙwasa, dole a rubuta “Maradi” da “kasa” a bar mai karatu ya yi canke tsakanin kasa da ƙasa. Haruffan suna nan tun tuni. A cikin Word, rubuta 0257 ka danna Alt da X tare, ɗ zai fito. 0253 na ba da ɓ, 0199 na ba da ƙ, 01B4 kuma ƴ, wanda ƙa'idar rubutunmu ta 1999 ta tanada a inda ƴan'uwanmu na Najeriya ke sa 'y. A wasu Word na Faransanci Alt da C ne ke yin aikin. Mai rubutu da yawa ya ƙara allon Hausa a saitin harshe na Windows, ya huta da haddar lambobi. In ka ga ɗan akwati ya fito a gurbin harafin, salon rubutun ne bai da shi. Koma Arial ko Times New Roman. Kafin ka kai wa mai bugawa, maida takardar PDF, don ɗ ɗinka ya isa kan takarda da lanƙwasarsa.