Rinin Hoton Jijiya da Nauyin da Yake Ɗora wa Ƙoda

Jijiyar jini ba ta fitowa a hoton eksire. Ƙashi kan fito fari tas, ita kuwa sai ta saje da tsoka. Shi ya sa tun 1927, lokacin da likitan nan ɗan Fotugal, Egas Moniz, ya fara ɗaukar hoton jijiyoyin ƙwaƙwalwa a Lisbon, ake ɗura wani rini mai sinadarin aidin a cikin jijiya. A yau siririn bututu ake zurawa ta matsematsi ko ta wuyan hannu, a tura rinin, majiyyaci ya ji ɗumi ya ratsa shi, nan take jijiyoyin su bayyana a allo, a ga daidai inda hanya ta tsuke.

Sai dai ƙoda ce ke tace rinin nan. Lafiyayya takan zubar da shi ta fitsari salin-alin. Wadda ta riga ta raunana, kamar ta mai ciwon suga ko ta dattijon da ruwan jikinsa ya yi ƙasa, tana iya ja da baya cikin kwana biyu zuwa uku, kuma yawan rinin na ƙara haɗarin.

A 2022 kullen korona ya tsayar da masana'antar GE Healthcare ta birnin Shanghai, inda ake haɗa rinin Omnipaque. Asibitocin Amurka suka shiga tsimi dole, suna rage abin da suke ɗura wa kowa, hotuna da yawa kuma suka fito yadda ake buƙata. A ganina bai kamata sai ƙarancin kaya ya koya wa likita wannan tattali ba.

Dabarun rage rinin ma sun daɗe. Irvin Hawkins na Jami'ar Florida ya yaɗa amfani da iskar kabon dayoksaid a madadin rini: tana narkewa a jini, huhu ya fitar da ita, ƙoda ta huta. Ta dace da jijiyoyin ƙafa da na ciki, amma ba a kai ta zuciya ko ƙwaƙwalwa, domin kumfarta na iya toshe hanya. A zuciya, ƴar na'urar sikanin da ake zurawa cikin jijiyar kanta tana rage buƙatar rini ƙwarai.

Mu da wankin ƙoda ke ƙarar da dukiyar gida cikin ƴan watanni, wannan magana tamu ce. Duk wanda aka rubuta wa hoton jijiya, ya faɗa wa likita idan yana da suga, hawan jini ko ciwon ƙoda, ya lissafa magungunan da yake sha, ya kuma nemi a gwada ƙodarsa kafin a ɗura masa komai.