Dira da laima ba ganganci ba ne

Mutumin da ya ga a waya wani ya faɗo daga jirgin sama zai ce wannan ya gaji da duniya. Alhali abin horo ne tsagwaronsa. A Jaji, kusa da Zariya, sojojin laima sukan kwashe kwanaki suna koyon faɗuwa a ƙasa, gwiwoyi haɗe, kafin su taka jirgi. Masu yi don nishaɗi kuwa daga tsayin kusan mita 4,000 suke dira, sabon shiga ɗaure a ƙirjin malaminsa. Za a ce, in laimar ta ƙi buɗewa fa? Ai biyu ake goyawa, ga kuma na'urar da ke buɗe ta biyun ko da mutum ya suma. Haɗari kam akwai shi, amma galibi kuskuren mai dirar ne ke jawo shi.