Daga Nima zuwa Delhi: Abin da matafiyi zai sani

Mutanen unguwannin Nima da Maamobi da New Town na Accra kan tafi Indiya neman magani, ko karatu, ko saro kaya. Babu jirgi kai tsaye daga Accra zuwa Delhi, sai an yada zango a Addis Ababa ko Dubai ko Doha.

Kafin tikiti, nemi katin rigakafin shawara. Indiya na buƙatarsa daga duk wanda ya fito Ghana, kuma allurar ba ta aiki sai ta kwana 10. Wanda ya sauka babu shi ana iya killace shi har kwana 6, abin da zai yi wa mai rakiyar majinyaci ciwo ƙwarai.

Lokacin tafiya ma abin dubawa ne. A Mayu da Yuni zafi a Delhi kan kai digiri 45, a Nuwamba kuwa hayaƙi ke turnuƙe garin har ido ya yi yaji. Mai asma ya jira Fabrairu ko Maris in da hali.

Motoci a hannun hagu suke tafiya, don haka fara duba dama kafin ka tsallaka titi. Jirgin Metro ya fi tasi arha da sauri, kuma da taragon mata zalla. Mai keke mai ƙafa uku, ku gama ciniki kafin ka hau.

Ruwan gora kaɗai za ka sha. Abincin halal kuwa yana nan jingim a kewayen Jama Masjid, babban masallacin da Sarki Shah Jahan ya gina, aka kammala a 1656. Ka kuma tuna, agogon Indiya yana gaban na Ghana da awa 5 da rabi.